Sankarar mama: Yadda birkin jiki ke tsinkewa

Tun da aka ce gwaggona na da sankarar mama nake bibiyar yadda cutar ke farawa. Ga abin da na fahimta.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu rabuwa suna hayayyafa, amma ba sa yi sai da umarni. Ni da na taso cikin lodin shanu, da tirela na fi gane abin. Akwai furotin masu cewa a hayayyafa, irin su HER2, su ne totur. Akwai masu cewa a dakata, su ne birki, ana ce musu masu danne ƙari. To tirela cike da kaya ta shiga gangara ba birki, ai kun san sauran.

Ga manyansu:

p53: An gano shi a 1979. Idan DNA, wato kundin umarnin da ke cikin ƙwaya, ya lalace, shi ke tsayar da rabuwa har a gyara. In gyara ya gagara, sai ya sa ƙwayar ta kashe kanta.

PTEN: Shi ke katse saƙon girma da ke bi ta hanyar PI3K da AKT. In babu shi, saƙon ba ya yankewa.

Rb: Mai gadin ƙofa ne, ba ya barin ƙwaya ta fara kwafar DNA sai lokaci ya yi.

BRCA1 da BRCA2: An gano su a 1994 da 1995. Su kanikawa ne, aikinsu ɗinke DNA da ya tsinke.

Kowane birki kwafi biyu gare mu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A 1971 Alfred Knudson ya nuna cewa galibi sai duka biyun sun lalace ƙari ke tasowa. Wadda ta gaji BRCA guda a lalace, saura mata ɗaya ke nan, shi ya sa cutar kan zo mata da ƙuruciya. Ana gadonsa ta wajen uba ma, kuma maza kan kamu.

Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta a Ibadan ya nuna lalacewar p53 ta fi yawa a sankarar matan Najeriya fiye da ta Turawa.

Yawancin sankarar mama ba ta gado ba ce. Amma in ta taɓa kama mahaifiya, 'yar'uwa ko gwaggo, a gaya wa likita. Ƙullutu a mama kuwa, ko ba ya ciwo, a kai asibiti da wuri.