Wa Zai Zana Macijin Kusugu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama, inda hanyar Katsina ke barin Najeriya ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, ya san yadda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a duba takardu. In ka zaga bayansu za ka ga zaki ya danne barewa, ko mikiya ta sure maciji, ko wani barde a kan doki da takobi tsirara. Da yawa daga cikinmu a jikin irin waɗannan motoci muka fara ganin zanen hannu mai launi. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, yaya aka yi al'ummar da ta ƙoshi da labaran dodanni da aljanu ta makara wajen samar da masu zana su?

Ba ƙarancin labari ne ya kawo haka ba. A Daura akwai rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijin nan mai suna Sarki, wanda ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Muna da Gizo da Ƙoƙi da Dodo a bakin kakanninmu. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa, har suka kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819. A can bori ya ci gaba da zama kusa da fada. Iskoki irin su Inna da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi kowanne yana da tufafinsa da tafiyarsa da halinsa. Wato siffar tana nan a idon mutane, sai dai a jikin mai hawan bori ake ganinta maimakon a takarda.

Hannun mai fasaha kuwa ya bi wata hanya. Malamai sun yi gargaɗi a kan suranta mai rai, don haka gwaninta ta koma kan zayyanar allo, da aska takwas a wuyan riga, da dagi a bangon soro, da sassaƙar ƙwarya. Wannan sana'a ce mai ci da mai ita, har da sarauta: Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, shi ake kira Babban Gwani. A ƙarni na 20 magina suka fara sa takobi da keke da jirgin sama a fuskar gidaje, amma dodo bai hau bango ba.

Littafi ne ya buɗe ƙofar. A gasar 1933 da Rupert East ya shirya, malamai biyu da ke aiki a Katsina sun kawo labarai masu cike da abubuwan al'ajabi: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, da Bello Kagara da Ganɗoki, jarumin da ya shiga duniyar aljanu. Sai Magana Jari Ce ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930 da zane-zane a cikinta, sannan Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Muna iya kawo sunayen marubutan nan a ka, amma kaɗan ne a cikinmu za su iya faɗin wanda ya zana hotunan da muka riƙa kallo a aji. Tun daga nan aka ɗauki mai zane a matsayin ɗan rakiya.

A Zariya aka nuna cewa tatsuniya na iya riƙe mai zane har tsufansa. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane, suka ce za su haɗa dabarar Turai da gadon gida. Uche Okeke ya koma ga zanen uli da tatsuniyoyin Ibo. Bruce Onobrakpeya ya ɗebo daga labaran Urhobo, kuma shi ya zana hotunan An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi a 1962, labarin da ya yi kama ƙwarai da Jiki Magayi. A ƙasar Hausa suka koyi aikin, amma fitattun ƙungiyar daga kudu suka zo, domin a lokacin ba kowane uba a arewa zai yarda ɗansa ya ƙare karatu a kan fenti ba.

Namu masu zanen a kasuwa suka tashi. Daga tsakiyar shekarun 1980, da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, littattafan yaƙi da na aljanu sun buƙaci bango mai jan ido, sai masu zanen allunan shaguna da na motoci suka sami aiki. Biya ɗaya ake yi, haƙƙin zanen ya tafi da littafin. Da kwamfuta ta zo aka koma liƙa hotuna, da waya ta zo kuma kasuwar littafin takarda ta ja baya. A tsallaken iyaka, Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, sai da ta sami littafin Abdoulaye Mamani a 1980 da fim ɗin Med Hondo a 1986 kafin duniya ta ga fuskarta.

Yau matashi a Jibiya zai iya zana Daurama a wayarsa, wani a Yamai ko Landan ya gani a daren. Haɗarin shi ne ya zana ta da sulken Turawa, domin abin da intanet ta saba nuna masa ke nan. Maganin yana kusa da gida: ya je Gobarau da Durɓi ta Kusheyi ya ga ƙasa da gini, ya kalli lifidin dawakin hawan Sallah, ya zauna da tsofaffi ya ji yadda suke siffanta Dodo. Mu kuma marubuta da masu mujallu akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Mu sa sunan mai zane kusa da namu, mu biya shi kuɗin aikinsa, mu rubuta yarjejeniya a kan haƙƙinsa. In ba mu yi haka ba, jikokinmu za su san macijin Kusugu da kamannin da wani baƙo ya zaɓa masa.