Gida Nawa Ne a Bayan Zaure Ɗaya?

A unguwannin da ke kewaye da masana'antun Sharada, tambayar "gida nawa ne a nan?" tana da amsa fiye da ɗaya. Mai unguwa zaure yake ƙirgawa. Ma'aikacin ƙidaya tukunya yake bi. Alƙalin rabon gado kuwa sai ya shiga ciki ya ga sassa da idonsa.

Saɓanin ya girmi masana'antun. Gidan Bahaushe na gargajiya ƙofa ɗaya gare shi, amma a bayanta akwai sashen maigida, da na ƙannensa, da na 'ya'yansa da suka yi aure, kowa da turakarsa. Idan uba ya rasu, sau da yawa magada ba sa rushe komai: kowa ya riƙe inda yake, zaure da rijiya su zama na kowa. Polly Hill, masaniyar nan 'yar Ingila da ta yi bincike a Ɗorayi, ba nisa da Sharada, a farkon shekarun 1970, ta tarar da manyan gidaje irin waɗannan, magidanta da yawa a shiga ɗaya, ta kuma yi bayaninsu a littafinta na 1977.

Hukuma ta daɗe tana da dalilin sanin adadin. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, haraji ya zama jigon mulkin En'e, kuma ba a karɓarsa sai da jerin sunaye. Dagaci da mai unguwa su ne rajistar: sun san wanda ya balaga, da wanda ya ware tukunya. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun huta, kuma sun cancanci hutun. Sai dai jerin sunayen nan da ake sabuntawa kowace shekara ya tafi tare da harajin.

Shekara ɗaya kafin nan, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka ta zama hujja mafi ƙarfi. Takardar fili take sani, da iyakokinsa da sunan mai shi. Ba ruwanta da sassan da ke ciki. A daidai wannan zamani Sharada da Challawa suka bi sahun Bompai, ma'aikata suka yi ta kwararowa, magada suka yanka tsakar gida suka fitar da ɗakunan haya da ciki da falo.

Wasu ƙasashen sun warware wannan da doka. Jihar New South Wales ta Ostareliya a 1961, da Faransa a 1965, sun tsara cewa ginin da mutane da yawa suka mallaka a yi masa taswira mai rajista, kowane sashe da lambarsa da kasonsa a cikin abin da aka haɗa. Mai son sanin adadi ofis kawai zai je.

A Sharada, ranar da hanya ta ratsa gida aka zo biyan diyya, ko wani magaji ya nemi sayar da sashensa, takarda tana nuna suna ɗaya, sau da yawa na kakan da ya daɗe da rasuwa. Daga nan sai a nemo dattawan layi, a tambaye su wa ya gina wane ɗaki, kuma a wace shekara.