Ɗanƙwairo: ɗan amshin da ya zama uban kiɗa

1/ Jama'a ku matso, zaren yau na Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ne. Da yawanmu a TikTok muka san muryarsa, ƙarƙashin hoton ango ko hawan sallah, daƙiƙa talatin an datse. Mutumin da ya haura shekara 60 cikin waƙa ya fi ƙarfin daƙiƙa talatin. 🧵

2/ An haife shi wajen 1909 a Ɗankadu, ƙasar Bakura. Kiɗa gado ne gare shi. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kakansa ma haka. Kuma da kiɗan noma gidan ya yi suna kafin fada: a tara gayya, manoma su jeru bisa kuyya, makaɗi na bayansu yana zuga su har a tashi gona.

3/ Sunan ma na aro ne. Cikin yaran mahaifinsa akwai wani mai zaƙin murya da ake ce ma Ƙwairo. Da aka ji Musa yana yaro ya ɗauko irin muryar, sai aka riƙa cewa ga ɗan Ƙwairo. Shi ke nan, suna ya bi shi har kabari.

4/ Ga inda mutane ba su cika sani ba. Da uban ya kau, jagorancin kiɗa bai faɗo hannun Musa ba. Wansa Abdu Kurna ne ya gaje shi a matsayin makaɗin Sarkin Kayan Maradun, Musa ya zama Daudun Kiɗa, wato mataimaki. Shekaru ya kwashe a baya, yana karɓa ma wani waƙa.

5/ Ni a ganina nan ne sirrinsa yake. Mawaƙin fada na wancan zamani ba shi kaɗai ke waƙa ba. Akwai jagora, akwai 'yan amshi. Jagora ya kafa gindin waƙa, ya yi ɗa, su maida gindi, ya sake wani ɗan. Wannan kowa na yi.

6/ To saurari Ɗanƙwairo da kyau. Sai ya fara magana ya sake ta a tsakiya, yara su cafe su ƙarasa. Wani wuri su yi masa ƙari da abin da bai faɗa ba. Wani wuri su rabu biyu, waɗannan su ba waɗancan, muryoyi na hawa bisa juna ba mai taka wani. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suna kiran waɗannan da karɓi, ƙari da bayayyeniya.

7/ Ka tuna fa ba takarda, ba situdiyo, ba a yanke a manna. Waƙa mai ɗiya da yawa, kowa ya san inda zai shiga da inda zai yi shiru. Ana zama a gida a ɗinka ta, a yi ta maimaitawa har ta zauna, sannan a kai ta ƙofar fada. Wanda ya daɗe yana amshi ya san numfashin ɗan amshi, shi ya sa da ya zama jagora ya iya bar musu fili.

8/ Kayan kiɗansa kotso. Kamar kalangu yake a tsuke ta tsakiya, amma baki ɗaya aka rufe da fata, kuma da hannu ake bugunsa. Shi ne dai na Narambaɗa da Sa'idu Faru. Kotso kiɗan sarauta ne, a da ba kowane mai kuɗi ake buga ma shi ba.

9/ Siyasar jamhuriya ta farko ita ta fitar da shi daga Maradun zuwa Arewa baki ɗaya. Ya zama mawaƙin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ya yi masa waƙoƙi ciki har da "Mai Dubun Nasara". Rediyon Kaduna ya kai muryarsa garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

10/ Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna. Daga nan ƙasa ta fara zamewa ƙarƙashin makaɗan fada. Soja suka karɓe kotu, 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Sarkin da a da ke ba makaɗinsa doki, riga da dame, yanzu shi ma albashi yake jira.

11/ Kwatanta da Narambaɗa. Shi ya rayu ya rasu yana jingine da Sarkin Gobir na Isa Amadu, tun En'e na da ƙarfinta. Ɗanƙwairo ya ga zamani biyu. Ya yi zama a Tsahe wajen 'Yandoto Aliyu, ya waƙe Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya waƙe Sarkin Kano Ado Bayero, ya shiga attajirai da 'yan siyasa. Lokacin Buhari da Idiagbon, da aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, nan ma ya yi waƙa.

12/ Akwai masu cewa ya zubar da darajar kotso da ya buga ma wanda ba rawani. Na ji hujjarsu, amma ban bi ta ba. Mutum ne mai ƙungiya, kowane ɗan amshi da iyalinsa, kuma fada ɗaya ta daina iya ciyar da su. Da ya tsaya ƙofa guda, da ƙungiyar ta watse, da wannan amshin da muke yabo ya tafi tare da ita.

13/ Kar ku ɗauka yabo ne zalla. In ya gama kambama sarki sai ya juya kan 'yan sarkin da suka nemi gadon suka rasa, da habaici da zambo. Ba ya faɗin suna. Ya siffanta tafiyar mutum ko gemunsa, duk fada a gane, shi kuwa ba damar ya tanka don kar ya tabbatar da shi ake. Ku da ke ɗora waƙoƙinsa a bidiyon biki, ku riƙa sauraren ɗan da kuka yanko. Wani zambo ne kuka liƙa ma ango 😂

14/ Sai harshe. Mu mutanen Gummi, Anka da Bukkuyum mun ci sa'a, don Hausarsa ita muka tashi muna ji bakin kakanninmu: Tsahe a maimakon Tsafe, hwada a maimakon fada, "shi yaz zo", "wanga", "ɗiya". Abin na ci mani rai in ga an rubuta baitinsa an "gyara" shi zuwa Kananci. Da ka gyara, kari ya karye, don a kan wancan lafazin aka auna kiɗan.

15/ Ya rasu a watan Satumba 1991, shekara 5 kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996. Allah Ya jiƙansa da rahama. 'Ya'yansa suka ɗauki kotso suka ci gaba.

16/ Aikin gida: yau da dare sa abin ji a kunne, ɗauki waƙarsa guda cikakkiya, ka ƙyale muryar Alhaji ka bi ta yaran kawai. Mai tsohon kaset a gida kuma, musamman na wasan fada, don Allah a juye shi a waya kafin zaren ya tsinke, a ajiye mana a nan ƙasa 👇