Takardar Bilali a Jihar Jojiya

'Yan'uwa, jihar Jojiya tana bakin tekun Atilantika ne, a kudancin Amurka. Turawan Ingila suka kafa garin Sabana a 1733. Da farko an hana bauta a can, amma a 1751 aka janye hanin, sai aka yi ta sauke bayi daga Afirka don noman shinkafa, daga baya kuma auduga.

Cikin bayin tsibirin Safelo akwai Bilali Muhammadu, mutumin Timbo ta ƙasar Futa Jalon. Duk da azabar bauta bai yar da karatunsa ba. Ya bar rubutun Larabci shafi 13, a kan alwala da kiran salla da salla. Bayan rasuwarsa aka daɗe babu mai gane rubutun. Wajen 1939 wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya kai kwafinsa Kano, malamai suka duba suka ce ai wasu wuraren daga Risala ne.

Yau takardar tana Jami'ar Jojiya. Zuriyarsa kuwa suna nan a Safelo, sai dai sun ragu ƙwarai, haraji da masu kuɗi suna neman raba su da ƙasar kakanninsu.

Allah ya jiƙan Bilali, amin.