Dokar Hana Zuga Talakawa: Kalma Guda, Ma'ana Biyu

Ba ƙasar da ta sakar wa harshe linzami ɗungum. Inda ƙasashe suka sha bamban shi ne wurin da kowace ta kafa iyaka, da kuma wanda aka ba ikon fassara kalmomin da aka kafa iyakar da su. Ana ganin haka sarai a tarihin dokar hana zuga talakawa su ƙi gwamnati, wadda Ingila ta shimfiɗa a ƙasashen da ta mallaka.

A can Ingila, tun cikin ƙarni na 19 alƙalai suka karkata ga cewa ba a kama mutum da wannan laifi sai in maganarsa ta nufi ta da tarzoma. Amma da aka shigar da laifin cikin kundin dokokin Indiya a shekara ta 1870, watau sashe na 124A, ba a sa wannan sharaɗi ba. Aka dai hana cusa wa mutane abin da Turawa ke kira disaffection. A 1897 aka gurfanar da Bal Gangadhar Tilak a Bombay saboda abin da jaridarsa Kesari ta buga. Joji Strachey ya ce ma'anar kalmar ita ce rashin ƙauna kurum, ko an yi tarzoma ko ba a yi ba. Duk mai nazarin harshe ya san ba a gane ma'anar kalma ta hanyar datsa ta gida biyu kamar rake, amma a kan wannan fassara aka ɗaure Tilak wata 18. Wani abin lura kuma, da harshen Marathi aka yi rubutun, alhali shida daga cikin masu taya alƙali hukunci su tara Turawa ne, sai da fassara suka san abin da aka ce. Shida suka ce ya yi laifi, uku suka ce a'a.

Haka al'amarin ya iso Afirka ta Yamma. A 1936 jaridar African Morning Post ta Akara, wadda Nnamdi Azikiwe ke wa edita, ta buga wata maƙala ta I. T. A. Wallace-Johnson, mutumin Saliyo, mai sukar mulkin Turawa. Azikiwe ya kuɓuta da ya ɗaukaka ƙara, don an kasa tabbatar da cewa shi ne edita a ranar da aka buga ta. Shi kuwa Wallace-Johnson aka ci shi tarar fam 50, ya kai ƙara har majalisar ƙoli ta shari'a da ke London. Hujjarsa ita ce bai kira kowa ga tarzoma ba. A ƙarshen 1939 majalisar ta amsa masa cewa dokar Gwalkwas, Gana ta yau, rubutacciya ce, ba a shigo da fassarar Ingila cikinta. Watau maganar da mutum zai faɗa a London ya kwana gidansa, in ya faɗe ta a Akara sai kotu.

Samun mulkin kai bai warware ƙullin nan take ba. A 1961 Kotun Ƙoli ta Tarayyar Nijeriya, a shari'ar Chike Obi, malamin lissafi, ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Shekara guda bayan haka Kotun Ƙolin Indiya, a shari'ar Kedar Nath Singh, ta bar dokar amma ta ɗaure ta da sharaɗin tarzoma. A ganina Indiya ce ta fi kusa da daidai, ko da yake 'yan sanda ba su cika kula da sharaɗin ba, har a 2022 kotun ta dakatar da aiki da sashen.

A Nijeriya sai a 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Enugu ta sallami Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure don littafin da ya rubuta a kan Gwamna Jim Nwobodo, ta ce dokar ba ta dace da tsarin mulkin 1979 ba. Gana ta soke tata a 2001. Ingila kanta, uwar dokar, ba ta share laifin daga dokokinta ba sai da dokar da majalisarta ta zartar a 2009.