Gilashin da ya riƙe tsohuwar Makka

Duk alhajin da ya taso daga Ka'akiyya, a kudancin Makka, ya bi ta Misfala ya nufi Harami, abin da zai tare masa ido shi ne hasumiyar agogo. A kan dutsen da ta ke tsaye dā akwai ganuwar Ajyad, wadda aka rushe a 2002. Wanda kuwa ya ke son ganin ganuwar nan yanzu, sai dai ya nemi tsofaffin hotuna, irin waɗanda aka ɗauka a kan gilashi tun ƙarni na 19.

Muhammad Sadiƙ Bey, wani hafsan sojan Masar masanin safiyo, shi ya fara ɗaukar hoton Madina a 1861. Kyamararsa akwati ce ta katako bisa ƙafa uku, dodon hoton kuma faifan gilashi ne da a ke shafa wa magani nan take. Dole a ɗauka a kuma wanke kafin maganin ya bushe, wato cikin minti goma sha biyar ko ƙasa da haka. To, a dubi wannan aiki cikin zafin Hijaz da ƙurarta! A 1880 ya rako ayarin Mahmal na Masar, ya ɗauki Ka'aba da Minna da Arfa, har aka ba shi lambar zinariya a Fenis a 1881.

Bayansa sai wani likita ɗan Makka, Sayyid Abdulgaffar. Bature ɗan Holan, Snouck Hurgronje, ya shiga Makka a 1885, aka kore shi bayan 'yan watanni, ya bar kayan ɗaukar hotonsa a hannun likitan. Shi kuwa ya ci gaba da aiki yana aika wa Baturen, wanda ya buga hotunan a Laidin a 1889 ba tare da ambaton sunansa ba, an ma kankare sa hannunsa. Sai bayan shekara kusan casa'in masana suka mayar masa da haƙƙinsa.

Su dai waɗannan mutane ba su da zaɓi, gama fim ɗin naɗi bai yaɗu ba sai bayan fitowar Kodak a 1888. Amma wanda a yau ya ke shawarar barin matsakaiciyar kyamara, mai dodo santimita 6 da 6, ya koma babbar mai naɗewa, mai inci 4 da 5, yana da abin koyo gare su. Faɗin dodonsa zai ninka fiye da sau uku, saboda haka ƙananan abubuwa ba su ɓacewa. Zugazugin da ke tsakiyarta kuma yana ba shi damar ɗaga idon kyamarar sama ba tare da ya karkata akwatin ba, hasumiya ta fito a miƙe, ba kamar za ta faɗi baya ba. Kuɗin da zai biya shi ne nauyi da jinkiri: sai ya lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya ga duniya kai ƙasa, ya ɗauki hoto guda a wurin da dā zai ɗauki goma sha biyu. A ganina, in hoton mutane cikin cunkoso ya ke so, to ya riƙe tasa ta dā. In kuwa gini ne, musamman wanda katafila ke jira, babbar ta fi.

A hotunan Abdulgaffar har yanzu ana iya ƙirga ƙananan ƙubbobin da Turkawa suka kewaye Harami da su, da tagogin katako na gidajen da suka hau duwatsu, da ganuwar Ajyad a bisansu.