Takardun shelar wasa: tarihin da gara ke ci

Tun daga Filinge a ƙasar Kurfai har zuwa Tabla a kan hanyar Yamai, shelar wasa ba aikin takarda ba ce tun asali. Sanƙira ne ke zagaya gari, ko ganga ta kira jama'a, daga baya kuma rediyon Muryar Sahel ya karɓi wani ɓangare na aikin. Shi ya sa takardar shela, wadda ƴan birni ke kira afish, ta yi ƙaranci a wajenmu, kuma ƙarancin nan ne ya ba ta daraja.

A Amurka tara irin waɗannan takardu ya zama sana'a. Tun 1966 Bill Graham ya riƙa sa masu zane irin su Wes Wilson suna yi masa takardun wasannin kiɗan rok na zauren Fillmore a San Faransisko. A 2022 an yi gwanjon takardar wasan Beatles na 1966 a filin Shea kan dalar Amurka 275,000, ta Buddy Holly ta 1959 kuwa ta kai 447,000. Kuɗin ba su ne abin koyi ba. Abin lura shi ne wani ya cire takarda daga bango ya adana ta shekara hamsin da ɗoriya.

Namu tarihin yana da alaƙa da wannan yanki fiye da yadda ake zato. Seyni Kunce, ɗan Fandu a ƙasar Filinge, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, shi ne ya farfaɗo da Samariya, kuma a zamaninsa aka fara bikin matasa na ƙasa a 1976. Ta wannan hanya ƙungiyoyin kiɗa da rawa na karkara suka hau dandamali ɗaya da makaɗan jita na birni. A 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu don kiɗan zamani, sannan aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai da sunan Alhaji Taya, jagoran ƙungiyar International de la Capitale. Mamar Kassey ta biyo baya a 1995. Jitar Abzinawa kuwa, irin ta Abdallah Umbadugu, ba ta da takardar shela a farkon shekarun 1990, domin lokacin tawaye ne, kaset ɗinta ma a ɓoye yake yawo. Rashin takardar shi ma shaida ne.

Takarda ɗaya tana faɗin abin da tsofaffi suka manta: sunan ƙungiya, zauren wasa, wanda ya ɗauki nauyi, maɗaba'ar da ta buga, da kuɗin shiga. Wanda ya jera takardun kafin karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da na bayanta zai ga yadda farashin nishaɗi ya sauya. Galibinsu da Faransanci aka rubuta su, alhali waƙoƙin da Hausa da Zabarmanci ake rera su. Wannan kaɗai ya isa darasi a aji. Sau da yawa kuma akwai rana da wata amma babu shekara, sai an nemi wanda ya halarta.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu su duba akwatunan tsofaffin shugabannin Samariya da ɗakunan ajiyar gidajen matasa. Abin da aka samu kada a naɗe shi, kada a manna masa salatif. A shimfiɗa shi nesa da rana da damshi, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan mai shi da garin da aka same shi a bayansa da fensir.